Rijiya ta yi zartsi: akwatin tace ruwa da zafin rana zai iya shayar da gida mai mutum 9?

Ɗan Dandi

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sanin harkar ruwa. A wasu ƙauyukan gefen Kamba, ƙaramar hukumar Dandi, akwai rijiyoyin da ruwansu ke da zartsi, kuma abin ya fi tsanani daga watan Maris har faɗuwar ruwan sama. Sabulu ba ya kumfa sosai, shayi ba ya daɗi, bakin randa sai ya yi fari kamar an barbaɗa masa kanwa. An sa alif, an gwada 'ya'yan zogale, an tafasa, zartsin na nan daram.

Na ji ana maganar wani akwati mai murfin gilashi da ake girkewa a rana, ruwa ya yi tururi ya bar gishirin a ƙasa. Lita nawa yake bayarwa a yini? Da wane irin kaya ake ƙera shi, kuma ana samunsu a kasuwanninmu? Zai ishi gida mai mutum 9? In ya yi kyau, za a iya yin babba na unguwa guda?

Malamin Kimiyya, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam. Malam, alif da zogale aikinsu tattara laka da dauɗar da ke yawo cikin ruwa su kwantar da ita. Gishiri kuwa narkewa ya yi, ya zama jiki ɗaya da ruwan, don haka ba su da abin kamawa. Tafasawa ma ƙara zartsin take yi, tunda ruwan ne ke tashi, gishirin ya zauna. Ba abin mamaki ba ne a samu haka a wajenku: tsallaken iyaka kaɗan, ta wajen Gaya, kwarin Foga yake, inda aka daɗe ana dafa gishiri daga ƙasa. Kuma a wasu wurare na yankin Sakkwato da Kebbi ruwa yana ratsa shimfiɗar farar ƙasa da dutsen jibsam, shi ne ke kashe kumfar sabulu.

Akwatin yana aiki, babu ƙarya a ciki. Amma ka riƙe wannan lissafi kafin ka sayi gilashi ko ɗaya. Mayar da lita 1 ta ruwa tururi yana cin zafin da ya kai kusan kashi biyu bisa uku na kilowat-awa, wato ƙarfin kilowat 1 na tsawon awa guda. Ranar da ke sauka kan murabba'in mita 1 a nan arewa maso yamma tana kai kimanin kilowat-awa 6 a yini. Da babu asara, da lita 9 za a samu. To akwati na gari kashi 30 zuwa 40 cikin 100 kawai yake morewa, sauran ya zurare ta ƙasa, ta gefe, ta gilashin kansa. Sai ka sa ran lita 3 a kowane murabba'in mita, lita 4 a bazara in an ƙera shi da kyau, lita 2 ko ƙasa da haka a ranar hadari ko hazo mai kauri.

Wannan adadi ba yau ya fara ba. A 1872 wani injiniya ɗan Suwidin, Charles Wilson, ya gina irinsa a Las Salinas ta ƙasar Chile don ma'aikatan haƙar ma'adinai da alfadaransu. Faɗinsa ya haura murabba'in mita 4,000, yana ba da lita 20,000 da ɗoriya a rana mai kyau, ya kuma yi aiki kusan shekara 40. Raba ka gani, lita 5 ke nan a kowane murabba'i, a hamadar da ranarta ta fi tamu ƙarfi. Duk wanda ya ce maka akwati mai hawa ɗaya zai cika jarka mai lita 25 daga murabba'in mita guda, bai auna ba.

Matakin farko dai awo ne. Akwai ɗan ma'auni mai kama da biro, ana ce masa TDS, yana nuna yawan gishiri da ma'adinan da suka narke a ruwa, masu sana'ar ruwan leda duk suna da shi. A tsoma shi a ruwan rijiyar ka kawo mana lambar. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta tsaya a miligiram 500 cikin lita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da 600 ɗanɗano na da kyau, in ya wuce 1,000 sai ya fara gagarar sha. Ruwan teku 35,000 ne. Naku zai faɗa can ƙasa da na teku nesa, kuma wannan zai rage muku yawan gilashin da za ku buƙata.

Mai Walda, Argungu

Gaskiya Malam ya faɗa. Ni zan shiga ƙirar, don yawancin akwatunan da ke ba mutane kunya ba rana ce ta gaza ba, aikin hannu ne.

A yi shi mita 2 a tsawo, mita 1 a faɗi. Tsawon ya miƙe gabas da yamma, gangaren gilashin ya fuskanci kudu. Bangon gaba santimita 15, na baya santimita 42, wannan zai ba ka gangare kusan digiri 15. Mu muna kan digiri 12 da ɗoriya arewa da tsakiyar duniya, don haka wannan gangaren ya dace da tafiyar rana a nan. In ka kwantar da gilashin ƙasa da digiri 10, zufar da tururi ke yi a jikinsa ba za ta gangara ba, ɗiga za ta riƙa yi tana komawa cikin ruwan zartsi. In ka tayar da shi da yawa, cikin akwatin ya yi girma, bango ya yi inuwa, zafi ya samu wurin gudu.

Gilashin taga, fari tas, mai kaurin milimita 4. Kar a sayi mai duhu ko mai sheƙi irin na gidajen zamani, rana yake korewa. A yanka shi gida biyu, kowane kusan mita 1 da santimita 5 ta gangare, da ƙarfe a tsakiya ya tallafe su, don falle ɗaya mai mita 2 yana saurin tsagewa wajen ɗagawa. A wanke cikinsa da sabulu har sai ruwa ya kwanta a kansa shimfiɗe. Maiƙon hannu kaɗan ya isa ya sa zufar ta dunƙule ta ɗiga.

Kaskon da ruwa zai zauna shi ne ke da rigima. Kwanon rufi tsatsa zai cinye shi cikin 'yan watanni, ruwan gishiri mai zafi ba ya raga masa. Kwalta kuwa kar ma a fara, warinta yana bin tururi ya shiga ruwan sha. Fentin mai na kasuwa shi ma haka, ga shi wani akwai dalma a ciki. Abin da ya fi: tire na bakin ƙarfe mara tsatsa ko alminiyam mai kauri, a shafe cikinsa da baƙin silikon, ko kuma a zuba kasko na siminti mai baƙin garin launi a shafe shi sumul. Silikon ɗin ya zama tsantsa, ba irin na banɗaki mai maganin fumfuna ba. Zurfin tiren santimita 6 zuwa 8 ya isa.

Ga wurin da kowa ke rowa, kuma nan lita ke ɓacewa: ƙarƙashin tire da gefensa. A bar tazarar santimita 8 zuwa 10 tsakanin tire da akwatin waje, a cika da ɓuntun shinkafa busasshe a danne shi. Mu a Kebbi ɓuntu ba abin saye ba ne, kowane injin casa ya tara shi tsibi. Garin katako ma yana yi. Sharaɗi ɗaya, kada ya jiƙe, don jiƙaƙƙen ɓuntu jan zafi yake yi waje maimakon ya tsare shi. A naɗe shi da leda, a ɗora akwatin kan bulo saboda gara da ruwan damina. Gwajin mai sauƙi ne: da azahar sa hannunka ƙarƙashin akwatin. In ka ji ɗumi sosai, ruwanka ne ke fita ta nan.

Indararon da zai tare ruwan a ƙasan gilashi: alminiyam da aka lanƙwasa, ko bututun ruwan zafi mai launin kore da aka tsaga biyu. Bututun PVC na yau da kullum laushi yake yi in zafi ya kai digiri 60, cikin akwatin kuwa yana kai 65 zuwa 70 a watan Afrilu. A ba indararon gangaren santimita 2 a kowace mita, kuma ya ɗara saman ruwan zartsi da aƙalla santimita 5, kada ya fantsama ciki wajen cikawa. A manna siririn gilashi ko roba a cikin murfin daidai saman indararon, zufa in ta zo nan ta tsaya ta ɗiga. Kar a yi liƙi da dalma ko'ina a hanyar ruwan. Tatattun ruwa yunwar ma'adinai gare shi, duk abin da ya taɓa sai ya lasa.

Rami uku: na zuba ruwa, na ambaliya a tsayin santimita 3, da na zubar da tsohon ruwa a can ƙasa. Kowane da murfi ko tiyo mai lanƙwasa da ruwa ke tsayawa ciki, don tururi kar ya tsere. Bakin gilashi a toshe shi da silikon ko tsohon tayar ciki ta keke. Don gane yoyo, a kunna ɗan tsumma ya yi hayaƙi a sa ciki a rufe, duk inda hayaƙi ya fito a toshe.

Zurfin ruwa santimita 2 zuwa 3, wato lita 40 zuwa 60 a wannan akwatin. Mutane kan cika shi maƙil suna zaton zai fi bayarwa, alhali ruwa mai yawa sai la'asar bai gama ɗumi ba. Amma dole tiren ya zauna daidai, a sa ma'aunin magina, in ba haka ba gefe ɗaya ya bushe. Kar a bar shi ya ƙafe ƙaf a rana, zafi zai haura ya ƙona shafen, ruwan kwanaki ya riƙa wari.

A zuba ruwa da asuba, gilashi na sanyi. Ruwan sanyi kan gilashi mai zafi tsagewa ne, kuma in ka zuba da magariba ka kashe tururin dare, wanda shi ma yana ƙara wani abu. Kullum a zuba ninki biyu na abin da aka samu jiya, rarar ta fita ta ramin ambaliya ta tafi da gishiri. Duk mako a zubar da tsohon ruwa gaba ɗaya. In farin ɓawo ya fara rufe baƙin ƙasan, fitar ruwa za ta ragu, tunda fari mayar da rana yake yi. Na farar ƙasa ruwan lemon tsami na narkar da shi, na jibsam sai an kankare da katako. Ruwan kwana uku na farko a zubar, ba na sha ba ne. Da hunturu kuma a goge gilashi kowace safiya.

Ɗan Dandi

Allah ya saka da alheri. An auna, lambar ta nuna 1,800. Malam ya ce lambar za ta rage yawan gilashi, ta yaya? Kuma Mai Walda, farar leda mai kauri ba za ta maye gurbin gilashi ba? Gilashi na tsada, ga yara ga awaki.

Ma'aikaciyar Lafiya, Gusau

Malam Ɗan Dandi, abin da Malamin Kimiyya ke nufi shi ne gauraya. Ruwan akwatin kusan babu komai cikinsa, lambarsa ba ta wuce 10 ko 20. In ka haɗa kashi 3 nasa da kashi 1 na rijiya mai 1,800, za ka samu wajen 460, ƙasa da 500 ke nan. Mutum 9, a ba kowa lita 4 ta sha saboda zafin bazara, lita 36. Daga ciki 27 na akwati, 9 na rijiya. Murabba'in mita 9 ke nan, wato akwati 5 irin wanda aka kwatanta, har da 'yar rara. Wanka, wanki da dabbobi su ci gaba da rijiya. Shanu, tumaki da awaki suna shan ruwa mai 1,800 ba tare da matsala ba. Gaurayar tana gyara ɗanɗano ma, don tatattun ruwa lami ne a baki, mutane kan ƙi shi. Kwana ɗaya a randa yana taimakawa.

Amma ina roƙonku kar a gauraya sai an kai ruwan ɗakin gwaji. Wancan biron jimillar abin da ya narke kawai yake faɗa, ba ya faɗin mene ne. Dalma iyakarta miligiram 0.01 ce a lita. Ruwa zai iya ninka haka sau goma, biron bai motsa ba. Mu a Zamfara mun ga abin da dalma ta yi a 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a garuruwa irin su Bagega, Dareta da 'Yargalma, inda yara sama da 400 suka rasu saboda dakan dutsen zinari a cikin gidaje. Mafi yawan gubar ta ƙura da ƙasa ta shiga, amma duk rijiyar da ke kusa da wurin daka ko wanke dutse abin tuhuma ce. Akwatin rana yana barin dalma a tire kamar yadda yake barin gishiri, to in ka dawo ka zuba ɗanyen ruwan rijiya a kai, ka mayar da ita da hannunka.

Na biyu sinadarin naitiret, iyakarsa miligiram 50 a lita. Wani zartsin ba daga dutse yake ba, daga masai ne ko turken dabbobi da ke kusa da rijiya. A duba, in tazarar ba ta kai mita 30 ba, a yi zargi. Jarirai 'yan ƙasa da wata 6 ya fi yi wa illa, yana hana jininsu ɗaukar iska. A gwada shi, da fuloraid, da ƙwayoyin cuta. Ko sakamako ya fito lafiya, kason rijiyar a tafasa shi ko a sa masa kulorin kafin a haɗa.

Abin da akwatin ba ya tsarewa shi ne duk mai tashi da tururi: fetur, kananzir, wasu magungunan feshi. Ruwan fadamar da aka yi wa feshi kar a sa shi ciki. Jarkar tara ruwa kuma ta zama mai murfi, a inuwa, wadda ba a taɓa zuba mai ko maganin gona cikinta ba.

Injiniyan Sola, Jega

Kan tambayarka ta ƙarshe, ta unguwa, amsata a'a ce. Mutum 500, lita 5 kowa, lita 2,500 a yini. Da akwati sai ka shimfiɗa gilashi sama da murabba'in mita 800, kowace safiya a goge, kowane mako a wanke. Ba za a jure ba.

A wannan girman, injin RO ne hanya, irin na masu ruwan leda, wanda ke matsa ruwa ta cikin wata fata mai ƙananan ƙofofi ta bar gishiri a baya. Dalilin a lissafin wuta yake. Tururi yana cin kusan kilowat-awa 650 na zafi a lita 1,000. Ƙaramin RO kan ruwa mai 1,800 yana cin wajen 3 na lantarki. Fata biyu masu lamba 4040, kowace tana ba da lita 200 zuwa 250 a awa, famfo mai kilowat 1.5 da ke matsi wajen 10 zuwa 12 a ma'aunin matsi na bar, fanel ɗin sola na kilowat 3. A yi aiki daga 10 na safe zuwa 4 na yamma a tara a tanki. Tankin ya fi batir arha, batir kaɗan kawai ake so don kar giftawar gajimare ta riƙa kashe famfo.

Abin da ke kashe waɗannan injuna sananne ne. Farar ƙasa da jibsam suna toshe fatar, don haka ruwa mai hana sabulu kumfa dole a riƙa ɗiga masa maganin hana ɓawo, kuma kar a tatsi fiye da rabin ruwan da ya shiga. Ƙarfen da ke cikin ruwan burtsatse, wanda ke sa tanki ya yi ja, a fara cire shi da iska da matatar yashi. Kulorin yana cin fatar, sai an sa matatar gawayi a gaba, sannan matata mai ƙananan ƙofofi ta maikiron 5 da ake canzawa in ta yi datti. Kowace yamma a wanke fatar da tatattun ruwa na 'yan mintoci kafin a kashe. Wanda ya kiyaye, fata na kai masa shekara 3 zuwa 5. Wanda bai kiyaye ba, ko shekara ba za ta yi ba. Shi ya sa in babu mai kula da aka koya wa aikin, da ɗan kuɗin jarka da ake tarawa don kayan gyara, gara kar a girka. Rarar ruwan za ta fito da lambar TDS wajen 3,500, kar a sake ta kusa da rijiya ko cikin lambu. A yi mata kwami na siminti ta ƙafe.

Bincike yana tafiya kan rage tsadar. A 2020 masana daga jami'ar MIT ta Amurka da jami'ar Shanghai Jiao Tong ta Sin sun gwada akwati mai hawa 10, inda zafin da tururin hawa na farko ya saki yake tayar da na biyu, haka har ƙarshe, suka samu kusan lita 5.8 a awa a murabba'in mita. A 2024 kuma wata tawagar MIT ta gwada na'urar da ke jan gishiri da lantarki a rijiyoyin zartsi na jihar New Mexico ta Amurka tsawon wata 6, har lita 5,000 a yini, tana bin ƙarfin rana ba tare da tarin batir ba. Wannan na biyun ya fi kama da matsalarmu, tunda ruwan ƙasa aka yi shi dominsa.

Kafin duk wannan, a nemi masu haƙar burtsatse da suka san yankin. Akwai wuraren da ruwan sama-sama ne mai zartsi, na ƙasa a shimfiɗar yashin da ake kira Gwandu mai daɗi ne. In haka ne, a toshe na sama da siminti a wuce.

Mai Walda, Argungu

Kan leda: tana yi na ɗan lokaci, amma ban ba da shawara ba. Zufa ba ta kwanciya a jikinta, dunƙulewa take yi ta ɗiga baya, ta kuma yi fari ta tare rana. Ga iska na kaɗa ta, ga rana na cinye ta kafin shekara. Maganin yara da awaki shinge ne na kara ko waya, a ja shi baya mita 2 ta gabas, kudu da yamma don kar ya yi inuwa.

Injiniya, mai hawa 10 ɗin nan kar mutane su ɗauka abin da za a haɗa a shagon walda ne gobe. Abin da hannunmu zai iya shi ne ƙananan gyare-gyare. A manna madubi ko takardar alminiyam a cikin bangon baya ta mayar da rana kan ruwa. A naɗe baƙin tiyo mita 20 a rana ruwa ya bi ta ciki ya yi ɗumi, ga mai son ƙara ruwa da hantsi. A shimfiɗa baƙin tsumman auduga kan ruwan ya tsotso shi sama ya yi saurin tashi, sai dai gishiri na taruwa kansa, duk kwana biyu sai an wanke. Waɗannan ƙari ne na ɗan kaso, ba sa ninka fitar. Mai son ganin samfuri da idonsa ya tuntuɓi Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, sun daɗe suna aiki kan kayan zafin rana.

Kuma kar a manta da damina, lokacin da akwatin ke rauni. Milimita 1 na ruwan sama kan murabba'in mita 1 lita guda ce. Yankinmu na samun wajen milimita 700 zuwa 800 a shekara. Rufin kwano mai murabba'i 50, ko an cire asarar kashi 20 cikin 100, zai ba da lita 28,000. Gidanka na shan 36 a yini, wato tankin lita 5,000 da aka cika a ƙarshen Satumba zai kai ku wajen tsakiyar Fabrairu, daidai lokacin da hazo ke janyewa akwatin ya fara ƙarfi. Gilashin akwatin kansa rufi ne, a sa masa indararo na waje.

Ka fara da akwati ɗaya. Ka samu robar lita 1 da littafi, ka rubuta abin da ya fito kullum da magariba da kuma asuba, har kwana 14. In akwati mai murabba'i 2 ya ba ka ƙasa da lita 5 a rana mai haske, kar ka yi na biyu tukuna. Duba hayaƙi, taɓa ƙarƙashinsa da azahar, auna zurfin ruwan a kusurwa huɗu, ka dawo mana da lambobin.